Dokar intanet tana nan, amma ƙofar wa take gadi?

Duk sanda wani bidiyon rashin kunya ya zaga wayoyin Kano, ko wani yaro ya kunna kyamara ya zagi malami ko basarake, kira ɗaya ake ji tun daga mumbarin Juma'a har teburin mai shayi: gwamnati ta kafa doka, a ɗaure biyu ko uku, kowa ya shiga taitayinsa. Wannan fushin ni ma ina jin sa. Ina da 'ya'ya, kuma na san irin abin da ke shigo min gida ta cikin waya ba tare da sallama ba. Duk da haka ba na cikin masu roƙon sabuwar doka mai tsanani. Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, kuma abin da aka yi da ita a shekarun nan ya isa ya sa mutum ya dakata kafin ya nemi ƙari. Abin da ya dame ni shi ne wanda dokar take tashi tsaye dominsa, da wanda take bari yana kuka shi kaɗai.

Ɓarnar gaskiya ce, kuma ta wuce rawar TikTok nesa ba kusa ba. Shiga Kantin Kwari ka zauna a shagon mai atamfa. Mutum zai zo da shiga ta kamala, ya zaɓi turmi goma, a yi ciniki a daidaita, ya ce, "Alhaji, karanto min akawun." Ya danna waya, ya juyo da fuskarta ya nuna rasit, har saƙo ya faɗo a wayar mai shago. A ɗaure kaya, ɗan dako ya kai bakin titi, a cusa a Adaidaita Sahu. Sai can bayan la'asar, da yaron shago ya buɗe asusun zai haɗa lissafi, a tarar ko sisi bai shiga ba. Alat na bogi ne. A kasuwar da iyayenmu suka riƙa ba baƙo daga Agadas ko Maraɗi kaya masu yawa bisa kalmar baki, yau sai ka ga dattijo ya tsayar da dattijo ɗan'uwansa a bakin shago yana jan fuskar waya da yatsa, yana cewa, "Yi haƙuri, bari dai in gan su a ciki."

Ga kuma tsohuwar da ake kira da tsakar rana, da Hausa tsantsa, har a ambaci cikakken sunanta: "Hajiya, daga banki ne, za a rufe miki asusu, karanto mana lambobin da suka shigo yanzu." Kafin jikanta ya dawo daga makaranta an share kuɗin adashinta. Ga magidancin da ya ci bashin naira dubu goma a manhajar waya saboda maganin yaro, ya danna amincewa a ƙarƙashin dogon rubutun Turancin da bai karanta ba, bai san ya miƙa musu dukkan lambobin da ke wayarsa ba. Kwana biyu da wucewar wa'adi sai hotonsa ya isa wayar surukinsa da ta limamin unguwarsu, an rubuta ɓarawo a kai. Hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta ci tarar wani irin wannan kamfani naira miliyan 10 a 2021, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a 2022, amma manhajojin suna sauya suna su dawo.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce yarinya. Na san wani gida a unguwarmu da abin ya faɗa wa. An sa mata rana. Wani tsohon saurayi yana riƙe da hotunan da ta taɓa tura masa cikin ƙuruciya da wauta, sai ya fara aiko da saƙo cikin dare: ta turo kuɗi ko ya watsa. Ta sayar da 'yan kunnenta ta tura. Ya sake nema. Ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, ba ta gaya wa yayyenta maza ba, domin ta san hukuncin farko a kanta zai sauka. Ta rame, ta daina fita tsakar gida, ana ta cewa zumuɗin aure ne. Ranar da hotunan suka isa wayar dangin angon, da yamma aka aiko a karɓi kayan sa rana. Da wani maƙwabci ya ba mahaifin shawarar a kai ƙara, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in je in ƙara tona wa kaina asiri a gaban 'yan sanda?" Maganar ta mutu a nan. Yaron yana yawonsa a gari, kuma babu abin da zai hana shi yi wa wata. Alhali sashe na 24 na dokar 2015 ya tanadi ɗaurin shekaru ga duk wanda ya yi barazanar zubar wa wani mutunci don ya tatsi kuɗi a hannunsa. Rubutun yana nan a takarda. Hanyar da za ta kai yarinyar ga rubutun ce babu.

Wanda ya daure ya je caji ofis ma ya san abin da ke jiransa. Za a ce ya rubuta bayani, sannan a ce sai an bi diddigin layin, kuma bin diddigi da kuɗi, mota ma ba mai. Sau da yawa abin da za ka kashe ya fi abin da aka sace maka, sai ka ce ka bar wa Allah. Ban ɗora laifin duka a kan ɗan sandan da ke bakin kanta ba, shi ma ba a ba shi horo ko kayan aiki ba. Cibiyar 'yan sanda ta laifukan intanet tana Abuja. Dokar kanta ta ce Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar waɗannan laifuka, ga jiha mai ƙananan hukumomi 44, matar da ke Doguwa ko Tudun Wada sai ta taso har Gyaɗi-gyaɗi inda kotun take. A Disamban 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, muka yi dogayen layuka cikin ƙura da sanyi, tsofaffi da masu goyo, aka ce daga nan mai laifi ba shi da wurin ɓuya. Har gobe ɗan damfara yana kiran Hajiya da layin da aka yi wa rajista.

Kada a ce ba a iya kamawa. A Maris ɗin 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa bayan an yi masa irin wannan barazana da hotunansa ta Instagram. Aka bi sawu har Legas, aka kama wasu 'yan'uwa biyu, aka miƙa su Amurka a 2023, a Satumbar 2024 kotu ta yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya goge shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya masu wannan sana'a. Na yi murna da iyayen yaron suka samu adalci. Amma da hukumomin ƙasarmu aka yi aikin kamun, kuma ƙwarewar da ta gano ɗakin da ke Legas za ta iya gano ɗakin da ke Kurna ko Ɗorayi, in da akwai wanda ya matsa.

A gida ma akwai lokacin da doka take gudu. A Nuwambar 2022 kotun majistare a Kano ta samu wasu matasa biyu 'yan TikTok da laifin ɓata sunan Gwamna Ganduje, ta yanke musu bulala ashirin-ashirin, tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Cikin 'yan kwanaki aka kama, aka gurfanar, aka zartar. A watan dai aka ɗauke wani ɗalibi daga Jami'ar Tarayya da ke Dutse aka kai shi Abuja, har ya kwana a gidan yarin Suleja, saboda rubutu na layi ɗaya da ya yi da Hausa a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya zaƙinsa ya yi yawa, aka kama ta, aka kai ta Abuja, aka tuhume ta da dokar laifukan intanet. A duk waɗannan ba a ji an rasa kuɗin mai ba.

Abin da ya sauƙaƙa irin wannan shi ne yadda aka rubuta sashe na 24 tun farko. Ya haramta tura saƙon da aka san ƙarya ne don jawo wa wani ɓacin rai, takura, zagi, ƙiyayya ko damuwa marar dalili, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Wane mai mulki ne suka ba ta ɓata wa rai? Kuma wa zai tantance ƙarya da gaskiya kafin a kai gaban alƙali, in ba wanda ya aiko a yi kamun ba? A 2020 Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta ce a gyara shi. Sai a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan gyaran, aka cire zancen ɓacin rai da zagi, aka bar hotunan batsa da ƙaryar da aka shirya don tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Gyara ne mai kyau, na yaba. Sai dai ko wata uku ba a yi ba, a farkon Mayu, aka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas, aka wuce da shi Abuja, ya yi sama da mako a tsare da sunan wannan doka, kan rahoton da ya yi game da kuɗin gwamnati. A ƙasarmu kamun da tsarewar su ne hukuncin. Ko daga baya an wanke ka, ka riga ka kwana a sel, iyalinka sun riga sun ci bashin beli, sauran masu rubutu kuma sun gane saƙon.

Abin ya zama kamar ɗan sintirin da duk unguwa ta haɗa kuɗi ta ɗauka, amma dare na yi sai ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar mai kuɗin layin. In ɓarayi suka addabi sauran gidaje, ƙara masa gora ba zai amfane su da komai ba.

Na san abin da za a ce min, domin an sha faɗa min: yaran nan fa zagi suke yi, addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda a ci mutuncin na gaba ba. Haka ne, kuma ba na kare zagi. Yaron da ya zagi sa'an mahaifinsa don ya tara mabiya ya yi abin kunya, gwamna ne ya zaga ko mai faci. Amma in addinin za mu bi, mu bi shi har ƙarshe. Bulala 80 da Suratun Nur ta ambata kan laifin harshe, an saukar da ita ne don kare matan kirki da aka jefa da ƙazafi. Mutuncin mace marar ƙarfi aka fara tsarewa. Sayyidina Abubakar kuma, a huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a, ya ce mai rauni a cikin jama'a shi ne mai ƙarfi a wurinsa har sai ya karɓo masa haƙƙinsa, ya kuma ce in ya karkace a miƙar da shi. Mu mun juya tsarin. Shugaba ya fi kowa saurin samun kariya daga harshe, yarinyar da aka wulaƙanta ita ce ta ƙarshe a layi.

Mutanen Kano kuwa bai kamata a tuna mana wannan ba. A garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma kakanninmu sun ba mu labarin yadda kotunan En'e suka riƙa yi wa magoya bayan Malam Aminu Kano bulala da ɗauri da sunan rashin ladabi ga hukuma. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku saboda bakinta. Yau muna sa wa tituna da makarantu sunayensu. Ƙari a kan haka, wa ya koya wa yaran zagin? Kowa ya san 'yan siyasar da ke saya wa matasa waya da data don su yi wa abokin hamayya yarfe, kamar yadda ake ɗaukar nauyin sojojin baka a rediyo. In suna adawa zagi jarumta ne, in suka hau kujera ya zama laifi. Wanzami ba ya son jarfa. Wanda ya tafa da aka kama ɗan wancan ɓangaren, bayan zaɓe shi ake nema.

Akwai ƙaryar da take kisa, kuma a kanta ba ni da sassauci. A Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga wurin suke. Binciken BBC ya gano wani bidiyo daga ciki an ɗauke shi ne a Kwango Barazabil tun 2012, 'yan sandan jihar kuma suka ce irin waɗannan hotuna sun rura wutar da ta ci matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya zauna ya ƙirƙiri wannan da gangan, doka ta hau kansa da dukkan nauyinta. Amma ku tuna daren gishiri a Agustan 2014, lokacin Ebola, da wayoyi suka riƙa ƙara kafin asuba: ku tashi ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha. An ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, wasu da dama suka kwanta asibiti. Su wa suka yaɗa? Iyayenmu mata da gwaggonninmu, saboda ƙauna da tsoro. Wace kotu ce za ta ɗauke su? Jita-jitar allurar shan inna da ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004 ta yi aikinta tun ba WhatsApp. Inda jama'a ba su yarda da bakin hukuma ba, ƙarya tana samun masauki, kuma kamu ba ya sayo yarda.

Toshe hanya gaba ɗaya ma an gwada. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Buhari. Masu sayar da turare da atamfa ta shafin suka yi asara, masu wayo suka bi ta ɓarauniyar hanya, daga baya Kotun ECOWAS ta ce rufewar ba ta bisa doka. A Satumbar 2021 an katse sabis a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, ga shi har yau ana fama da su, mutanen ƙauye kuwa a lokacin ko kiran neman agaji ba su iya yi. Chadi ta toshe kafofin sada zumunta wata 16 daga 2018 zuwa 2019. Yuganda ta ɗora harajin shilin 200 kullum kan shigarsu a 2018, ta soke a 2021. Darasin da ya fi kusa da mu yana Nijar: dokarsu ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta intanet, gwamnatin Bazoum ta cire ɗaurin a 2022, sojoji suka mayar da shi a 2024. Makamin da ka ƙera yau, ba ka san hannun da zai riƙe shi gobe ba. Shi ya sa na ji daɗi da ƙudurin Sanata Mohammed Sani Musa na 2019 kan kafofin sada zumunta, da na Sanata Aliyu Sabi Abdullahi da ya zo da hukuncin rataya kan kalaman ƙiyayya, ba su zama doka ba.

Inda nake son gwamnati ta nuna ƙarfinta shi ne kan kamfanonin da ke cin riba da mu. Miliyoyin Hausawa suna Facebook da TikTok, amma kai ƙorafin rubutun Hausa mai tunzura jama'a ka gani, sau tari amsar da za ta dawo ita ce bai saɓa ƙa'ida ba, domin na'urar da ta duba ba ta san habaici ba, ba ta san zambo ba. Cibiyar CITAD da ke nan Kano ta daɗe tana bibiyar kalaman ƙiyayya a harsunanmu, masu ilimin aikin suna nan a gida. Da Indiya ta matsa bayan kashe-kashen da jita-jita ta haddasa a 2018, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Mu ma FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. To a yi amfani da wannan ƙarfin a tilasta musu ɗaukar isassun ma'aikata masu jin Hausa, da sauke hoton tsiraicin da aka watsa ba da yardar mai shi ba cikin sa'o'i, kafin ya gama zaga gari.

Sauran aikin namu ne a Kano, kuma bai buƙaci jiran Abuja ba. Mai riƙe da muƙamin da yake ganin an ɓata masa suna ya ɗauki lauya da kuɗin aljihunsa ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa, a daina tura masa motar 'yan sanda. Majalisar Dokokin Jiha tana da ikon gyara sassan ɓata suna na final kot, wato dokar laifuka ta jiha, ta cire ɗauri da bulala a kan sukar masu mulki. Hisbah tana da dakaru mata da ofisoshi a ƙananan hukumomi, kuma iyaye sun fi sakin jiki da ita a kan abin da ya shafi sirrin gida. A ware wasu mata masu horo da lambar waya ta musamman, inda yarinya za ta kai kuka a asirce ba tare da an fara yi mata wa'azi ko an ɗauki hotonta ba, su kuma su miƙa wa 'yan sanda mai barazanar, gwamnatin jiha ta biya kuɗin bin diddigin. Malaman Islamiyya da suke karantar da ayar Suratul Hujurat kan bincika labari kafin a ɗauka, su buɗe waya a gaban ɗalibai su nuna musu yadda ake gane tsohon hoto da saƙon damfara.

Ina kuma roƙon 'yan majalisarmu na tarayya daga Kano, kafin wani ya sake kawo ƙudurin ƙara tsanani, su nemi rundunar 'yan sanda da ma'aikatar shari'a su kawo lissafi a fili: tun 2015, mutum nawa aka kama da wannan doka bisa ƙorafin gwamna, minista, ɗan majalisa ko babban kamfani, nawa kuma aka kama bisa ƙorafin ɗan kasuwar da aka yi wa alat na bogi ko matar da aka yi wa barazana da hotonta. A karanta alƙaluman a zauren majalisa, a fassara su a rediyo da Hausa, sannan a zo a yi mana maganar sabuwar doka.